Yadda Ake Gina Shafin Intanet da Mai Shi Zai Riƙa Sabuntawa da Kansa

Duk mai yawo a intanet ya sha cin karo da matattun shafuka. Makaranta ce, amma sanarwar ƙarshe da ke shafinta ta hutun shekara uku da suka wuce ce. Shago ne, amma farashin da ke jiki tun na kafin a cire tallafin man fetur a 2023 ne. Lambar wayar da aka rubuta kuwa an daɗe da yar da layin. Galibi ba lalacin masu shafin ne ya jawo haka ba. An gina shafin ne ta yadda babu mai iya canza ko harafi ɗaya sai wanda ya gina shi, shi kuma ya koma wani gari, ko ya samu wani aikin, ko sun ɓata da mai shafin a kan cikon kuɗi.

Wannan darasi na masu gina shafuka ne, musamman 'yan koyo, da kuma masu niyyar ba da aikin a gina musu. Zai nuna yadda ake amfani da WordPress a gina shafin da mai shi zai riƙa rubuta sanarwarsa da sa hotunansa daga wayarsa, ba tare da ya san yaren kwamfuta ba, kuma ba tare da ya rushe aikin da aka yi masa ba.

Daga ina matsalar take?

Shafin da aka rubuta da HTML zalla, rubutu da zane a cakuɗe suke cikin fayil ɗaya. Kafin a canza kwanan wata guda, sai an buɗe fayil ɗin, an nemo layin a tsakiyar alamomi, an gyara, sannan a sake tura shi zuwa uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin dare da rana. Kuskuren alama ɗaya yana iya karkatar da shafin gaba ɗaya. Shi ya sa mai gini ba ya yarda kowa ya taɓa, mai shafi kuma ba ya ma kusanta.

Manhajar sarrafa bayanan shafi, wadda ake taƙaita sunanta da CMS, ta raba waɗannan abubuwa gida biyu. Rubutu yana zaune a rumbun bayanai. Zane kuma yana cikin abin da za a iya kira rigar shafi. Idan baƙo ya buɗe adireshin, sai manhajar ta ɗauko rubutu daga rumbu, ta sa masa riga, ta miƙa wa burauzarsa. Mai shafi rubutun kawai yake taɓawa, ta wani ɗakin gudanarwa mai kalmar sirri, inda rubutu bai fi na WhatsApp wahala ba.

Me ya sa WordPress?

Asalin WordPress manhajar bulog ce, wato ta masu rubuta ra'ayoyinsu ana jera su sabo a sama, tsoho a ƙasa. Matt Mullenweg daga Amurka da Mike Little daga Ingila ne suka fitar da ita ranar 27 ga Mayu, 2003, bisa tushen wata tsohuwar manhaja mai suna b2/cafelog. Da yaren PHP aka rubuta ta, tana ajiye bayanai a MySQL, kuma kyauta ce a ƙarƙashin lasisin GPL.

A hankali ta wuce bulog. A 2004 aka shigo da fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa mata don ƙarin aiki. A 2005 aka kawo riguna da tsayayyun shafuka, a ƙarshen shekarar kuma aka kawo tsarin raba matsayi tsakanin masu shiga. A Disambar 2018 siga ta 5.0 ta zo da editan Gutenberg, inda ake jera rubutu da hoto tubali-tubali. Alƙaluman W3Techs sun nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a yau da ita suke aiki.

Dabarar a nan ita ce, abin da aka ƙera don marubuci ya wallafa rubutunsa ba tare da injiniya ba, shi ne daidai abin da hedimasta ko mai shago yake bukata. A kuma lura: WordPress.org nan ne ake saukar da manhajar kyauta a ɗora a masaukin da aka kama haya, WordPress.com kuma kamfanin Automattic ne ke ba da masauki da sharuɗɗansa. Darasin nan a kan ta farkon yake.

Wani zai ce ai Facebook ya wadatar. Yana da amfani, amma gidan aro ne. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A Najeriya an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Shafi na kai shi ne gida, kafofin sada zumunta kuma su zama masu shela.

Misalin da za a bi

A ɗauka wata makarantar Islamiyya ce a Fammar, mazaɓa a ƙaramar hukumar Kibiya da ke kudancin jihar Kano. Tsofaffin ɗalibanta sun watsu a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, kuma su ne ke taimakawa da kuɗin gini da alluna da tabarmi. Suna son ganin ranar saukar Alƙur'ani, da lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai, da inda aikin ajujuwa ya kai. Matashin da ya gina shafin a cikin birnin Kano yake zaune. In gyara ya kama sai ya zo da kansa, to sai ya biyo ta Ƙarfi da Bunkure zuwa Rano, sannan ya kama hanyar Kibiya, ya kashe wuni da kuɗin mota a kan sanarwa mai layi huɗu. In ta waya ce, sai lokacin da ya samu sarari. Abin da ake so shi ne a wayi gari hedimasta ba ya bukatar kiransa sai in wani abu ya lalace. Matakan da ke tafe haka suke ko da ƙungiyar manoma ce a Rano ko shagon kayan gini a Kibiya.

Mataki na 1: A raba abin da ke canzawa da abin da ke zaune

Kafin a taɓa kwamfuta, a zauna da mai shafi da biro da takarda a tambaye shi: me kake canzawa duk mako, me kake canzawa sau ɗaya a shekara? WordPress tana da ma'aji biyu. A yadda aka saba ɗora ta, da Turanci sunayen suke fitowa, don haka za a kawo su yadda suke a allo.

"Pages" na abubuwan da ke zaune ne: tarihin makaranta, tsarin karatu, yadda ake tuntuɓa, yadda ake ba da gudummawa. "Posts" na abubuwan da ke da kwanan wata ne: sanarwa, labari, hotunan taro. Su ake kasawa rukuni-rukuni a ƙarƙashin "Categories". Rukuni uku sun isa a farko, misali Sanarwa, Ayyuka, Hotuna. Rukuni goma sha biyar ruɗa mai shafi kawai za su yi.

Ga wani tarko da 'yan koyo ke yawan faɗawa: su rubuta lambar waya ko kuɗin makaranta a cikin fayilolin riga, ko a cikin hoton da aka zana. Duk abin da aka binne a nan, mai shafi ba zai iya kai hannu gare shi ba. Ƙa'idar ita ce, duk abin da zai iya canzawa a sa shi a matsayin rubutu cikin "Pages" ko "Posts".

Mataki na 2: Saituna huɗu

Bayan an ɗora manhajar, wanda a yawancin masaukai masu cPanel danna maɓalli kaɗan ne ta Softaculous, sai a shiga ɗakin gudanarwa ta hanyar ƙara /wp-admin a ƙarshen adireshin shafin.

1. A "Settings", sashen "Reading", a zaɓi "A static page". Wannan ne ke mayar da fuskar shafin ta zama zauren makaranta, ba jerin rubuce-rubuce ba. Sai a ware wani shafin dabam don sanarwa.
2. A sashen "Permalinks", a zaɓi "Post name", don adireshin kowace sanarwa ya fito da kalmomi maimakon lambobi.
3. A sashen "General", a sa agogo a kan "Lagos". In ba haka ba, sanarwar da aka tsara ta fita ƙarfe bakwai na safe za ta saɓa da awa ɗaya.
4. A kunna SSL don adireshin ya fara da https. Let's Encrypt na bayar da shi kyauta, kuma yawancin masaukai suna sabunta shi da kansu.

Mataki na 3: Kowa da makullinsa

Nan ne zuciyar darasin. WordPress tana da matsayi biyar, daga ƙasa zuwa sama:

- "Subscriber": bayanan kansa kawai yake iya gyarawa.
- "Contributor": yana rubutu amma ba ya wallafawa, ba ya kuma ɗora hoto. Sai wani na sama ya duba ya saki.
- "Author": yana rubuta nasa, ya sa hoto, ya wallafa. Ba ya taɓa rubutun wani, ba ya taɓa "Pages".
- "Editor": yana gyara duk rubutu da duk shafuka, nasa da na wasu, amma ba ya iya sa fulogin, ko canza riga, ko taɓa saituna.
- "Administrator": komai na hannunsa, har da goge sauran masu shiga.

A makarantar ta Fammar, hedimasta zai riƙa shiga a matsayin "Editor". Malamin da ke ɗaukar hotunan taro a ba shi "Author". Ɗalibi babba da ke taya rubutu a ba shi "Contributor". Dalilin wannan rabo ba raini ba ne. Shafin gudummawa yana ɗauke da lambar asusun banki na makaranta. Duk wanda ke iya gyara shafin yana iya sauya lambar da tasa, kuma kafin a farga kuɗin mutane sun tafi inda ba a nufa ba. Da wannan tsari, mutum ɗaya ne a makarantar ke iya taɓa wurin, kuma manhajar tana rubuta sunan wanda ya yi kowane gyara da lokacin da ya yi.

Saboda haka kada a yi asusu ɗaya a raba wa mutum biyar kalmar sirrinsa. Kowa a buɗe masa nasa a "Users" da imel ɗinsa. Ran da malami ya bar aiki, sai a rage masa matsayi ko a goge asusunsa. Lokacin gogewa manhajar za ta tambaya ko a mayar da rubuce-rubucensa ga wani. A zaɓi hakan, in ba haka ba su ma za su bi shi.

Mataki na 4: Gida na mai gida ne

To wa zai riƙe "Administrator"? Amsar ita ce a buɗe guda biyu: ɗaya na mai gini don aikin gyara, ɗaya na makaranta, a rubuta shi a takarda a adana inda ake adana takardun fili. Ba da shi za a riƙa shiga kullum ba, amma dole ya kasance yana nan.

Haka sunan adireshi, wato domen. Na Najeriya masu ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana kuma saye ta hannun dillalan da ta amince da su. Akwai .com.ng na kasuwanci, da .org.ng na ƙungiyoyi, da .sch.ng na makarantun firamare da sakandare. Kowanne aka ɗauka, a yi rajistarsa da sunan makaranta da imel ɗinta, ba da na mai gini ba. Haka kuɗin masauki. Domen haya ce, ana sabuntawa duk shekara. In wa'adi ya wuce ba a biya ba shafin zai ɗauke, in aka ƙara jinkiri wani yana iya saye sunan. Saƙon tunatarwa imel ɗin da aka yi rajista da shi yake zuwa, haka ma saƙon sauya kalmar sirri idan an manta.

Mai ginin da ya riƙe waɗannan a hannunsa don kada a guje shi, amana ya mayar garkuwa. Ko da niyyarsa mai kyau ce, rai da lafiya ba a hannunsa suke ba, kuma waya tana ɓata.

Mataki na 5: A gina don waya

Hedimasta a Fammar da waya zai yi aikin nan, ba da kwamfuta ba. WordPress tana da manhajar Android da ta iPhone. Ana sa adireshin shafi da suna da kalmar sirri, shi ke nan. In sabis ya yi rauni, ana iya rubutawa a ajiye a waya, a tura in ya dawo. Abubuwa uku ne ke bukatar kula.

Na farko hoto. Hoton wayar zamani yakan kai megabait 3 zuwa 5. Guda goma na walimar sauka sun tasar wa megabait 40, wanda ga cin data, ga yankewa a tsakiya. A koya wa mai shafi rage hoto zuwa faɗin fiksel 1200 kafin ya ɗora, kuma ya zaɓi biyar masu kyau maimakon talatin.

Na biyu haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. WordPress tana adana su lafiya, kuma Gboard yana da allon rubutu na Hausa. Matsalar daga salon haruffan riga take zuwa, domin ba kowanne ke ɗauke da su ba, sai a ga ƙ ta fita dabam da 'yan uwanta ko ta zama akwati. A gwada da jimlar da ta ƙunshi dukkansu kafin a tsayar da riga. Noto Sans da Andika suna da su.

Na uku adireshin sanarwa. Idan take yana da ƙ kuma ta shiga cikin adireshi, in aka kwafa zuwa WhatsApp sai ta koma %C6%99, adireshin ya yi tsawo ya yi muni. A bar lanƙwasa a take, amma a gyara adireshin da haruffa marasa lanƙwasa, gajere, kamar ranar-sauka.

Mataki na 6: A cire tsoron kuskure

Abin da ya fi hana masu shafi rubutu shi ne tsoron kada su ɓata wani abu. A nuna musu cewa manhajar tana ajiye tsofaffin kwafin kowane rubutu a "Revisions", ana iya komawa na jiya da dannawa biyu. Abin da aka goge kuma yana zama a "Trash" kwana 30 kafin ya tafi. Tun siga ta 6.0 ana iya kulle tubali don kada a matsar da shi ko a goge shi bisa kuskure. A yi wa muhimman sassan zauren shafi haka.

Sauran tsaron aikin mai gini ne. Ya sa waɗannan layuka biyu a fayil ɗin wp-config.php:

define( 'DISALLOW_FILE_EDIT', true );
define( 'WP_POST_REVISIONS', 10 );

Na farko yana rufe ƙofar gyara fayilolin riga da fulogin daga ɗakin gudanarwa. Na biyu yana tsayar da tsofaffin kwafi a goma don kada rumbu ya cika.

Sannan ya saita kwafin ajiya na mako-mako zuwa wani wuri dabam da masaukin. UpdraftPlus yana turawa Google Drive, kuma ya kamata ya zama na makaranta. Ya gwada dawo da kwafin ko sau ɗaya, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Ya rage yawan fulogin, domin mafi yawan ɓarakar da masu kutse ke bi daga fulogin take fitowa, ba daga WordPress kanta ba. Tun siga ta 5.5 a 2020 ana iya kunna musu sabunta kai. Rigunan kuɗi da ake rabawa kyauta a Telegram kuwa a guje su, sau da yawa da ƙofar ɓarawo a ɗinke a ciki suke zuwa. Araha ba ta ado.

Ranar miƙa aiki

Ba a miƙa shafi ta saƙon tes. A zauna da mutanen da za su yi aikin, awa ɗaya ta isa, kuma wayar ta kasance a hannunsu. Idan hedimasta ya ce, "Kai dai yi mana, yaro, mu gani," amsar da ta dace ita ce, "Allah gafarta Malam, gara ka danna da hannunka, ina nan kusa." Wanda ya kalla zai manta kafin Magariba, wanda ya danna zai riƙe.

Abu huɗu kawai za a koyar: rubuta sanarwa a wallafa, sa hoto, gyara kuskure a tsohon rubutu, da sauya kalmar sirri. A bar musu takarda ɗaya da Hausa mai ɗauke da matakan, da ranar sabunta domen da masauki, da adadin kuɗin. In an ɗauki bidiyon allo na minti biyu-biyu an tura musu, ya fi.

A kuma gaya musu abin da ba a sawa. Sakamakon jarrabawa da sunayen yara, lambobin wayar iyaye, lambar NIN, hoton yaro ba da izinin iyayensa ba: duk waɗannan ba na bainar jama'a ba ne. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da hukumar NDPC mai sa ido a kanta, kuma dokar ta tanadi neman amincewar iyaye a kan bayanan yara. Abin da ya hau intanet, ko an goge shi, wani ya riga ya adana.

Mai gini ya yi asara ke nan?

Wasu na ganin in mai shafi ya iya da kansa, hanyar abinci ta toshe. Lissafin bai nuna haka ba. Kiran a canza kwanan wata ba kasafai ake biyansa ba, sai dai cin lokaci da ɓacin rai. Abin da ake biya shi ne kulawa: sabunta manhaja, duba kwafin ajiya, tunatar da biyan haya, gyara in an samu matsala. A rubuta wannan a yarjejeniya, da kuɗinsa na shekara, kowa ya san iyakarsa. Shafin da ke motsi duk mako kuma shi ke jawo wani aikin, don makarantar da ke maƙwabtaka za ta tambayi wanda ya yi shi.

Ba kuma kowane aiki ke bukatar WordPress ba. Shafi ɗaya tilo da ba zai canza ba, HTML ya ishe shi. Wanda ba shi da kuɗin masauki yana iya farawa da Blogger na Google, kyauta ne, sai dai matsayi biyu kawai gare shi, mai gudanarwa da marubuci.

Aikin gwaji

Mai koyo ya sauke XAMPP ko Local a kwamfutarsa, ya ɗora WordPress ba tare da ya sayi komai ba. Ya ƙirƙiri shafuka uku, da rukuni uku, da asusu uku masu matsayi daban-daban. Sai ya shiga da kowanne ya ga abin da ke ɓacewa daga ɗakin gudanarwa. Daga nan ya miƙa wa wani a gida da bai taɓa ganin manhajar ba, ya ce ya wallafa sanarwa mai hoto ɗaya, shi kuma ya kame bakinsa. Duk inda mutumin ya tsaya yana dube-dube, a rubuta wurin: nan ne aikin bai ƙarasa ba.